Tsohuwar Windows a Kan Kwamfuta: A Sabunta Ta Ko a Bar Ta Yadda Take?

A Bauchi, tun daga shagunan buga takardu da ke kewayen Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Yalwa har zuwa ofisoshin ƙananan makarantu, za ka tarar da kwamfutoci masu aiki da Windows 10, wasu ma Windows 7. Masu su suna jin ana cewa wa'adinsu ya ƙare, amma ba kowa ne aka yi wa bayanin abin da hakan yake nufi ga aikinsa ba.

Me ake nufi da cewa wa'adin babbar manhaja ya ƙare?

Ana nufin kamfanin Microsoft ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na wata-wata. Ya daina yi wa Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 8.1 a Janairun 2023, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da kunnuwa tana buga takardu kamar kullum. Sai dai duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano a jikin manhajar bayan wannan rana, babu mai toshe ta.

Tawa tana aiki lafiya lau, me zai sa in taɓa ta?

Amsar ta dogara ne da irin aikin da take yi. Kwamfutar da ba ta hawa intanet, wadda ake rubuta wasiƙu da tsara katin biki da ita kawai, haɗarinta kaɗan ne, muddin ana lura da filas ɗin da mutane ke kawowa a soka mata. Amma wadda ake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa da ita, ake biyan kuɗin makaranta ta Remita, ake shiga asusun banki, tana ɗauke da amanar mutane: hotunan fasfo, lambobin NIN, takardun haihuwa da sakamakon jarrabawa. A ganina, mai shagon da yake riƙe da irin waɗannan bayanai bai kamata ya bar su a kan manhajar da aka daina karewa ba, domin idan aka sace, asarar ba tasa ba ce shi kaɗai.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin gwamnati a Ingila, tana neman kuɗin fansa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin kafar tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta ba su ne suka faɗa ciki. Akwai kuma wata matsalar da take zuwa a hankali: masu yin manhajoji suna janye jiki daga tsohuwar Windows. Chrome ya tsaya a fitowa ta 109 a kan Windows 7, shi ya sa wasu shafuka suke ƙin buɗewa daidai, mai shago kuma ya ɗauka laifin sabis ne.

Yaya zan gane ko kwamfutata za ta ɗauki Windows 11?

A nan ne akasarin mutanenmu suke cin karo da bango, domin yawancin kwamfutocinmu na hannu ne da aka shigo da su daga waje. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana buƙatar RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita, aƙalla 4GB, ma'adana mai 64GB, da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. Sharaɗin da ya fi kayar da mutane shi ne na furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta: in na kamfanin Intel ne, sai zubi na takwas zuwa sama. Ka duba lambar da ke bayan i5 ko i7. Idan ka ga i5-6300U, zubi na shida ne, bai cika sharaɗi ba, idan kuwa i5-8250U ne, ya cika. Shi ya sa kwamfutar HP EliteBook 840 G3, duk da ƙarkonta, ba ta cikin jerin, amma G5 mai furosesa zubi na takwas tana ciki. Manhajar PC Health Check ta Microsoft kyauta ce, za ta gaya maka matsayin kwamfutarka cikin ɗan lokaci. Idan ta cika sharaɗi kuma Windows 10 ɗinka mai lasisi ce, hawa zuwa 11 kyauta ne, kuma ban ga dalilin jinkiri ba.

Mai shirin sayen ta hannu ya riƙe wannan lamba kafin ya fara ciniki, kada arha ta sa ya sayi abin da wa'adinsa ya riga ya wuce.

Mai gyara ya ce zai ɗora min Windows 11 ko da ba ta cika sharaɗi ba. In yarda?

Ana yin hakan, kuma sau da yawa tana aiki. Amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta da gyara ba. Ga ɗalibin da yake rubuta furojet, ana iya gwadawa. Ga kwamfutar da abincin gida ya dogara da ita, ban ba da wannan shawara ba. A kuma guji Windows ɗin da aka fasa lasisinta, domin ba ka san abin da aka cusa a ciki ba.

Ba ta ɗauka, ni kuma ba ni da kuɗin wata. Ina mafita?

Microsoft ya buɗe wa masu Windows 10 shirin ƙarin wa'adin tsaro da ake kira ESU, wanda aka tsara zai ƙare ranar 13 ga Oktoban 2026 ga ɗaiɗaikun mutane, kuma sai da asusun Microsoft ake shiga. Jinkiri ne kawai na tara kuɗi. Hanya ta biyu ita ce komawa Linux Mint ko Ubuntu, manyan manhajojin Linux da ake ɗorawa a madadin Windows, waɗanda kyauta ne kuma suna gudu da kyau a kan tsofaffin kwamfutoci, tare da LibreOffice a madadin Word. Sai dai mai sana'ar da ta dogara da CorelDraw zai sha wahala, domin ba a yi ta don Linux ba. Mai kwamfutoci biyu yana iya raba aiki: tsohuwar ta zauna ba intanet tana zane da bugawa, ɗayar ta riƙe harkar rajista da kuɗi.

Idan na yanke shawarar sabuntawa, me zan tanada?

Da farko ka kwafe dukkan takardunka zuwa wata ma'adana ta waje, ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar sun kwafu. Ka bincika ko firintarka da sikana suna da direba, wato manhajar da take haɗa su da kwamfuta, da zai yi aiki a Windows 11, domin wasu tsofaffin na'urori a nan suke tsayawa. Ka tanadi data mai isa, tunda fayil ɗin ya haura 5GB. Kada ka fara sai da cikakken caji ko janareta a kusa, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya hana kwamfutar tashi. Kuma kada ka yi a makon da rajistar JAMB ta cika shago. Idan bayan an gama wani abu ya ƙi aiki, Windows tana ba da kwana 10 a koma tsohuwar, don haka ka gwada firinta da duk manhajojin sana'arka tun a kwanakin farko.