Wai wa ya fara yin doka, kuma me ya sa ba ta hawa kan wasu?

Daga ina doka ta samo asali ne?

Daga rigima. Tun ba a san rubutu ba mutane na da ƙa'idojinsu, in dabbar wani ta yi wa wani ɓarna ko an yi kisa ko an zo rabon gado sai dattawa su zauna su yanke, gobe irin haka ta sake faruwa a ce ai ga yadda aka yi wancan karon, a hankali abin ya zama al'ada da kowa ya sani. Rubutawa daga baya ta zo. Wadda aka fi ambata cikin na da ita ce ta Hammurabi sarkin Babila, a Iraƙi ta yanzu, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa. Dokoki kusan 282 aka sassaƙa a jikin wani baƙin dutse da ya fi mutum tsayi, yanzu haka yana gidan tarihi na Louvre a Faris. Ciki har da cewa in magini ya yi gini ya rufta ya kashe mai gidan, shi ma kashe shi za a yi.

To tunda an rubuta, an samu mulkin doka kenan?

Ina! A wannan dutsen dai, in ka tsone wa babban mutum ido naka za a tsone, in talaka ne azurfa za ka biya, in kuwa bawa ne rabin kuɗinsa. Ga doka a rubuce amma hukuncin sai an duba waye kai. Kuma kar a ce ai zamanin da ne, dokokin Nuremberg da suka ƙwace wa Yahudawan Jamus 'yancin zama 'yan ƙasa a 1935 majalisa ce ta zartar da su, wariyar launin fata da aka kafa a Afirka ta Kudu daga 1948 ita ma da takardunta da kotunanta da alƙalanta. Azzalumi ma yana son doka ai, bulala ce a hannunsa.

Me ake nufi da mulkin dokar kenan?

Shi wanda ya yi dokar ita ma ta hau kansa, babu shafaffu da mai. Sannan a san ta tun kafin a yi laifin, ba yau ka yi abu gobe a ƙirƙiro doka don a kama ka ba, a saurari wanda ake tuhuma kafin a yanke masa hukunci, alƙali kuma ya zama ba ya jiran wayar kowa kafin ya yi magana. Ni a ganina na ƙarshen nan ne ya fi wuya, don rubuta sauran a takarda ba ya cin komai.

Yaushe aka fara ɗaure mai mulki da doka?

Ba a rana ɗaya ba, amma a Turai an fi kafa misali da 1215, lokacin da manyan Ingila suka gaji da harajin Sarki John da kame-kamensa suka sa shi a gaba ya amince da takardar da ake kira Magna Carta. A ciki ya yarda ba za a kama ɗa, wato wanda ba bawa ba, ko a kulle shi ba sai da hukuncin tsararrakinsa ko dokar ƙasa, kuma ba za a sayar da adalci ko a ja masa rai ba. Kar ka ɗauka don talaka suka yi fa, kansu suka yi wa. Ko wata uku ba a yi ba Fafaroma ya soke ta aka koma yaƙi, sai daga baya aka riƙa sabunta ta har ta zauna.

Me ya sa tsarin shari'a ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa?

Tushen ne ba ɗaya ba. Sarki Justinian ya sa an tattara dokokin Rum tsakanin 529 da 534, daga wannan jijiyar kundin Napoleon na 1804 ya fito, inda alƙali ke buɗe kundi ya nemo sashe. A Ingila kuwa hukuncin alƙalan baya ne ke zama hujja ga na gaba. Fiƙihun Musulunci shi kuma malamai ne suka gina shi a kan Alƙur'ani da Sunna da ijma'i da ƙiyasi, ba fada ba, shi ya sa mazhabobi ke ɗauke da sunayen irin su Imam Malik da Imam Shafi'i ba na sarakuna ba. Mulkin mallaka ne ya kwashi na Turawan ya baza duniya, sai ka ga ƙasa ɗaya da tsari biyu ko uku suna gogayya.

Alƙali zai iya ƙara wa doka abin da babu?

Yana yi, ta hanyar ƙaramar ƙara ma. A 1928 a garin Paisley na Sikotilan an saya wa wata mata May Donoghue lemon citta a kwalba mai duhu, ta sha rabi ana juye sauran sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi, a cewarta. Matsalar ita ce ba ita ta saya ba, don haka babu ciniki tsakaninta da kowa balle ta ce an cuce ta. A 1932 kotun ƙoli ta lokacin ta ce duk da haka mai kamfani na da alhakin kula da lafiyar wanda zai sha kayansa, kuma a kan wannan aka gina dokar sakaci a ƙasashe da yawa. Abin dariyar, har yau ba a tabbatar a kotu dodon koɗin na ciki ba, mai kamfanin ya rasu aka sasanta a waje.

An taɓa ganin kotu ta tanƙwara shugaba mai ci?

An yi. A badaƙalar Watergate, wato rigimar fasa ofishin jam'iyyar adawa don leƙen asiri, Shugaba Nixon na Amurka ya ƙi miƙa kaset-kaset na hirarrakin ofishinsa yana cewa sirrin shugaban ƙasa ne. Ran 24 ga Yulin 1974 alƙalai takwas na kotun ƙoli suka ce ya miƙa, babu ko ɗaya da ya goya masa baya, alhali uku daga cikinsu shi ya naɗa su. Soja na hannunsa, kotu ba ta da ko bindiga ɗaya, amma ya miƙa. Ran 9 ga Agusta ya sauka daga mulki.