Wai me ake nufi da "aktif"?

Kwanakin nan da wuya ka leƙa zauren marubuta a WhatsApp ko Facebook ba ka ci karo da sanarwar adimin ba: "Duk wanda ba ya aktif za mu cire shi, mu rufe shafinsa." Har a rediyo na ji ana yaba wata da cewa ta fi kowa aktif, alhali abin da ake nufi ta fi kowa yawan magana. Kalmar aro ce daga Turanci, kowa ya sani. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mayar da ita mudun auna surutu.

A wurin kamfanonin da muka ji kalmar a bakinsu, ma'anarta ba ta wuce alamar cewa mai akawun yana nan ba. A watan Mayun 2023 Google ya sanar da cewa daga Disambar shekarar zai iya goge duk akawun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. To, mene ne taɓawar? Ka buɗe imel ɗaya, ko ka kalli bidiyo a YouTube, ka fita. Kuma sai an yi ta aiko maka da gargaɗi kafin a goge. WhatsApp kwana 120 yake jira, shi ma bai damu da ko ka ce uffan ba, muddin manhajar tana hawa intanet. Twitter kuwa da ya ce a Nuwamban 2019 zai share waɗanda suka yi wata 6 ba su shiga ba, jama'a suka tambaye shi makomar shafukan mamatansu, dole ya dakata.

Ban ƙi dokar ba. Zauren da ya ba kowane marubuci shafinsa na zuba labari ko zane yana da haƙƙin sanin wanda ya yi ƙaura ya bar kango, don masu jiran wuri suna da yawa. Amma mu sai muka ce aktif shi ne wanda kullum yake jefa sitika, yake rubuta "ci gaba" a ƙarƙashin babin da bai karanta ba. Mai shiru kuma muka laƙaba masa ɗan laɓe. Ku duba nauyin sunan nan. Laɓe shi ne ka maƙale a bayan zana kana sauraron abin da ba a gayyace ka ba. Wanda aka buɗe wa ƙofa ya shigo da sallama, yana zaune yana karatu, ta ina ya zama mai laɓe?

Akwai wata baiwar Allah da muke zaure ɗaya. Wata biyar tana saka labarinta babi bayan babi, da babban yatsa take bugawa a wata waya mai fasasshen gilashi, galibi bayan sallar isha'i in yara sun yi barci. Ta haihu, ta tafi gida wankan jego. Dokar zauren kwana 30 ce, jego kuwa arba'in ne. Ranar da ta dawo ta sayi data, sai ta tarar an cire ta, an rufe shafin, babi ashirin da wani abu sun tafi tare da sharhin masu karatu. Ba wanda ya kira lambarta, ga ta nan kuwa a fili. Da ta yi magana, adimin ya ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, doka ce, ba kya aktif."

Shi aikin ƙirƙira yawancinsa a shiru ake yin sa. Marubuciyar da ta ɓace wata biyu wataƙila ita ce ta fi kowa aiki a zauren. In za a kafa doka, a faɗi ƙarara abin da ake ƙirgawa, a tura wa mutum saƙo a jira amsarsa, in ma rufewar ta zama dole a ɓoye shafin kada a goge. Mai jegon nan dai har yau tana bin waɗanda suka karanta labarin ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya ko akwai wanda ya adana babi na bakwai.