Farautar elk da baka a duwatsun Kolorado: ga amsoshin, a bar ni in huta

Duk shekara idan Satumba ta wuce aka ga na shigo masallacinmu da ƙullin nama, sai tambayoyi su taso, kuma na bara ne dai ake maimaitawa. Bari in tattara su wuri ɗaya.

Wai mene ne elk ɗin nan?

Dabbar dawa ce mai siffar barewa, amma ta doshi doki a girma. Namiji kan haura kilo 300. Ƙahonsa rassa-rassa ne, yana zubar da shi duk shekara wani ya tsiro. Kolorado ta fi kowace jiha a Amurka yawansu.

Ga bindiga, me ya kai ku ga baka?

Watan Satumba ya kai mu. Shi ne aka fi ware wa masu baka, kuma shi ne lokacin barbara, lokacin da namijin ke wani irin kuka mai kama da busar sarewa. Kana kwaikwayon kukan mace, abokinka na ɓoye a gaba, shi kuma gogan ya taho neman aure. Sai ya matso kamar taku talatin kafin a saki kibiya. Iska kuwa in ta juya ta kai masa warinka, ka yi sallama da shi. Yawancinmu hannu rabbana muke komawa gida, kada hoton ƙaho ya ruɗe ka.

Kuna sa dafi a kibiyar?

A'a. Doka ta hana. Kaifin tsinin ne ke aiki.

Ba sai mutum ya shiga daji kawai ya harba ba?

Gwada ka gani. Sai da lasisi, kuma a Kolorado duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin farauta ya samu shaida. A Wayomin ma baƙon jihar ba ya farautar manyan dabbobi a keɓaɓɓen daji sai da ɗan jagora. Ni ba zan bi kowa ofishin 'yan sanda ba.

Na harbe ta dab da magariba ta gudu da kibiyar. In bi ta ko in bari sai da safe?

Yauwa. Wannan ita ce tambaya, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya tak bai taɓa kwana a dawa ba.

Da farko dai zauna. Kada ka motsa, ko da rabin sa'a ne. Dabbar da aka yi wa rauni ba ta nisa idan ba a kore ta ba, takan samu wuri ta kwanta. Ka tashe ta kuwa, sai ta tsallaka kwari biyu, jinin ya ɗauke, ka rasa ta har abada. Bayan nan sai ka duba kibiyar in ta faɗi. Jini ja mai kumfa, huhu ne, bi ta da fitila a daren, da wuya ta wuce mita ɗari biyu. Jini mai duhu, hanta ce galibi, ba ta sa'a uku ko huɗu. In kuwa ka sunsuna kibiyar ka ji warin tumbi, ka ga ɗigon ciyawa kore a jikinta, to ka ja da baya a hankali, wannan sai an ba ta dare.

To amma fa, dare na da nasa sharri. Fatar elk kauri gare ta, tana riƙe zafi kamar bargo. Ko da sanyi na sa haƙoranka karo, gefen da ya kwanta a ƙasa dahuwa yake yi. Na taɓa gani da idona: mun sami wani namiji da muka harba da hantsi, muka buɗe cinyar ƙasa, tururi ya taso, naman da ke jikin ƙashin ƙugu ya yi kore-kore yana wani tsami da har yau in na tuna sai zuciyata ta tashi. Rabin dabbar muka tsira da shi.

Sannan ga batun cinsa. Ka yi bismilla lokacin sakin kibiya, wannan ba sai an gaya maka ba, kuma in ka tarar da ita da sauran rai dole ka yanka. Inda ake ja-in-ja shi ne wadda ta kwana. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya nuna in ka same ta bayan kwana ɗaya ko biyu, babu alamar komai sai ta kibiyarka, ka ci, sai dai in cikin ruwa ta faɗa. Imamu Malik kuwa ya ƙi cin wadda ta kwana ba a gan ta ba. Yawancinmu a kan Malikiyya muka tashi, saboda haka ka tambayi malaminka tun kana gida, ba sai kana tsaye a kan gawa da wuƙa a hannu ba.

Ni abin da na ɗaukar wa kaina, ba na harbi idan haske ya fara ƙwacewa, sai in dabbar ta ba ni gefe sosai kuma kusa. Abokaina na cewa tsoro ne. Su suka sani. Idan kuma a Montana ko Wayomin kake, inda manyan namun dajin nan masu kisa da ake kira beyar suke, bin jini da dare kai kaɗai wauta ce, ko me kibiyar ta nuna.

Me zai hana a shiga da mota a ɗauko?

Dokar 1964 ta keɓaɓɓun dazuka. Ba mota, ba babur, ko baro mai taya ba a yarda ba. Doki ko gadon bayanka, zaɓi ɗaya.

To yaya ake fito da naman?

A inda ya faɗi ake fiɗe shi, ba sai an farka ciki ba. A ɗaye fatar gefe ɗaya, a cire cinya da ƙafar gaba, a zare dogon naman gadon baya, a yanki na wuya da na haƙarƙari, sannan a juya shi. Kowane yanki a jakar yadi mai shan iska, a rataye a inuwa nesa da gawar. Leda ba ta shiga wannan aiki, ɗan'uwa, sau nawa zan faɗa? Idan an zare ƙashi, babban namiji na ba da kusan kilo ɗari. Mu huɗu ne, ga kayan kwana, don haka sawu biyu muke yi, kowa da kilo talatin ko fiye, a tudun da ya kai mita 3,000 inda numfashi ma rance ne. Gangara ta fi hawa wuya. Gwiwa ce ke rawa.

Kada wannan ya firgita ka. Wanda ya taɓa ɗaukar buhun gero daga gona zai iya, in ya fara motsa jiki tun watan Yuni kuma ya sayi takalmin kirki.

In na gaji fa, in ɗauki ƙahon in bar sauran?

Ka ji kunya. Barin naman da ake ci laifi ne a doka, ana tara, ana ƙwace lasisi. A wurinmu ƙaho shi ne kayan ƙarshe da ke sauka daga dutse.

Wa ke da naman, wanda ya harba ko kowa?

A takarda na mai lasisin ne. A tsakaninmu duk wanda ya ɗauka a bayansa yana da kaso. Ku yi wannan magana tun a mota.

Yana yin kilishi?

Sosai, ba shi da kitse.

Za ka sayar min da kilo biyar?

Ba a sayar da naman dawa a nan. Ka zo da jaka a Satumba ka ɗauki cinya ɗaya daga kan dutse, sai mu yi magana.