Mene ne bayoremidiyeshan, kuma ta yaya bakteriya ke cin sinadarin bom?

Bayoremidiyeshan shi ne amfani da halittu masu rai, galibi bakteriya, wajen tsaftace ƙasa ko ruwan da guba ta gurɓata. Inda abin ya fi ban mamaki shi ne filayen atisayen soja, waɗanda ragowar sinadaran fashewa irin su TNT da RDX ke taruwa a cikinsu shekara da shekaru.

Ba don taimakon ɗan Adam bakteriyar ke wannan aiki ba, abinci take nema. Duk mai rai yana buƙatar naitirojin don gina furotin, ƙasa kuma ba kullum take da wadatarsa ba. Sinadaran bom kuwa maƙil suke da shi: ƙwayar RDX guda tana ɗauke da atam 6 na naitirojin, ta TNT kuma 3.

Wata bakteriya mai suna Rhodococcus rhodochrous 11Y tana iya rayuwa ba tare da wata hanyar samun naitirojin ba sai RDX. Makaminta wani inzayim ne, wato furotin mai hanzarta sauya sinadarai, mai suna XplA. Shi ke ciro naitirojin ɗin daga jikin ƙwayar RDX a siffar naitirayit, wani ƙaramin sinadari mai ɗauke da naitirojin, kamar mai zare itace ɗaya daga dami, sai sauran ginin ya wargaje da kansa. Daga nan bakteriyar ta mayar da naitirayit amoniya, ta gina jikinta da ita. Babu ƙara, babu hayaƙi. Abin lura, an ƙirƙiri RDX ne a ƙarshen ƙarni na 19, amma tuni an sami kusan irin ƙwayar gadon da ke sa a samar da wannan inzayim, wato xplA, a bakteriyoyin nahiyoyi daban-daban, alamar suna miƙa wa juna ita.

TNT ya fi taurin kai. Yawancin bakteriya ba sa farfasa shi, sauya masa kama kawai suke yi, ya maƙale a jikin ƙasa. A ganina wannan ɓoye matsala ne, ba magance ta ba. RDX kuma ba ya zama wuri ɗaya, ruwan sama ke tafiya da shi har ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa aka fi damuwa da shi.

Masana a Jami'ar York ta Ingila, tare da abokan aikinsu na Amurka, sun dasa ƙwayar gadon bakteriyar a jikin wata ciyawa, suka gwada ta a sansanin soja na Fort Drum da ke jihar New York. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna ciyawar tana zuƙe RDX daga ƙasa tana narkar da shi.