Wa ke duba abincin da muke saye da sayarwa a Legas?

Kafin naman da aka yanka a mayankar Oko-Oba ta Agege ya zama tsire a Obalende, ya bi ta hannun hukuma fiye da ɗaya. A mayanka, likitocin dabbobi na ma'aikatar gona ta jihar Legas ne ke duba saniya tun tana tsaye, bayan an feɗe su sake duba huhu da hanta saboda tarin fuka da tsutsa. Da naman ya iso tukubar mai tsire, ya fita daga hannunsu, ya koma hannun duba-gari na ƙaramar hukuma, waɗanda ake kira wole-wole a nan. In kuwa kilishi aka yi da shi, aka zuba a leda mai suna aka kai kanti, to magana ta zama ta NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa.

Doka ce ta raba aikin haka. Tsarin mulkin 1999 ya danƙa kasuwanni, mayanka, gidajen abinci da gidajen burodi a hannun ƙananan hukumomi, kuma Legas na da guda 20, ga yankunan raya ƙasa 37. NAFDAC, da aka kafa a 1993 ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya, ita ke rajistar abincin da aka sarrafa aka rufe, har da ruwan leda. Hukumar SON, ta ma'aikatar masana'antu da kasuwanci, ita ke tsara ma'aunin inganci. Tsirrai da dabbobin da ke shiga ko fita ta tashar Apapa da filin jirgin Ikeja kuwa, hukumar NAQS ke tantance su. A 2014 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar tsaron lafiyar abinci don ta haɗa kan waɗannan duka.

Ni a ganina, a matsayina na ma'aikacin lafiya, rabon aikin ba laifi ba ne, domin likitan dabbobi ya fi kowa sanin hanta mai cuta. Abin da ke damuna shi ne giɓin da ke tsakanin wannan ofis da wancan. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kuma kayan da ke faɗawa cikin giɓin nan, yawanci su ne sana'ar mutanenmu.

Ɗauki wake. Buhun da aka sauke a kasuwar Mile 12 ba shi da lambar NAFDAC, ba shi da ranar lalacewa, ya kuma bar gona tuntuni. Idan mai ajiya ya yayyafa masa maganin ƙwari irin Sniper ko fiya-fiya don kada ya yi ƙwari, da wuya wani jami'i ya gani. Guba ce mai suna dichlorvos, kuma saboda ita Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Su sun gwada sun mayar, mu kuwa mun dafa mun ci. Alamun gubar amai ne, gudawa, dalalar miyau da sarƙewar numfashi, kuma yara ta fi kayarwa. Alhaji mai sito, don Allah ga hanyar da ba guba: a shanya waken ya bushe ƙayau, a zuba a buhun PICS mai ninki uku ko ganga mai murfin da iska ba ta shiga, a ɗaure tam. Ƙwaron da ke ciki rashin iska zai kashe shi.

Haka kunun aya da zoɓo. Lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, jami'an jihar sun ambaci wani kunun aya marar rajista cikin abin da suke zargi. Hajiya mai kunu, ayar ba ta da laifi. A duba ruwan da aka niƙa da shi, da ƙanƙarar da aka saka, da gorar da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama. A tafasa ruwa, a sayi sabuwar gora, a wanke hannu da sabulu.

Idan aka ga abin da bai dace ba, a san ƙofar da za a buga. Kayan gwangwani, na leda ko na kwalba, a kai wa NAFDAC, kuma kada a yar da mazubin, don lambar da ke jiki ake bi. Ƙazantar gidan abinci, gidan burodi ko rumfar kasuwa, sashen duba-gari na ƙaramar hukuma. Nama mai wari ko mushe, likitan dabbobi na mayanka. In an ha'inci mai saye kuwa, akwai hukumomin kare haƙƙin masu saye, LASCOPA ta jiha da FCCPC ta tarayya. Wanda ke jin nauyin shiga ofis ya bi ta shugaban kasuwa ko fadar Sarkin Hausawan unguwarsa.

Masu sayarwa, ku yi gwajin lafiyar masu taɓa abinci, ku ajiye takardar kusa. Jami'i in ya zo, ku nemi katin shaidarsa cikin ladabi, duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit. In mutum biyu ko uku suka kamu da amai da gudawa bayan cin abinci ɗaya, a fara ba su ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti mafi kusa, a faɗa wa ma'aikata abin da aka ci da inda aka saya.