Zaman iyalan Hausawa a Saudiyya: hutu, baƙi da ziyarce-ziyarce

Hausawa mazauna Saudiyya ba iri ɗaya ba ne. Akwai jikokin mahajjatan da suka zo ta ƙasa tun zamanin da ake ratsa Chadi da Sudan a tsallaka Bahar Maliya, waɗanda da yawansu 'yan ƙasa ne yanzu, suna amsa sunan Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Akwai waɗanda suka shigo da bizar Umara ko ta aikin Hajji suka maƙale babu takarda, su ne a gida aka fi kira takari. Kashi na uku su ne masu igama, wato takardar izinin zama: likitoci da ma'aikatan jinya, malaman jami'a, injiniyoyi, ma'aikatan Bankin Raya Ƙasashen Musulunci da ke Jidda, da ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina da ta Ummul Ƙura a Makka. A kan iyalan wannan kashi na uku bayanin nan ya tsaya. Abu biyu ne ke juya shekararsu, takarda da kalanda, kuma su ne ke yanke ranar tafiya gida da ranar saukar baƙo.

Igama da kuɗin zaman iyali

Maigida yana ƙarƙashin kafilinsa, wato ma'aikatar da ta ɗauko shi, matarsa da 'ya'yansa kuma suna ƙarƙashinsa. Kowane mutum da igamarsa, har jaririn da aka haifa jiya, domin haihuwa a Saudiyya ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Sai an karɓi takardar haihuwa, a yi masa fasfo a ofishin jakadancin Najeriya a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda ('yan Nijar su je nasu), sannan a shigar da shi cikin iyalin uban a hukumar shige da fice, wadda kowa ke kira Jawazat. Yawancin wannan hidima a manhajar Absher ake yin ta yanzu.

Abin da ya fi sauya zaman iyali shi ne kuɗin da aka ɗora wa ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu. An fara a watan Yulin 2017 da riyal 100 a wata, ya koma 200 a 2018, 300 a 2019, ya kai 400 a Yulin 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 2,000 a wata, 24,000 ke nan a shekara, ban da haya da kuɗin makaranta. Shi ya sa magidanta da dama suka mayar da iyali Kano ko Kaduna ko Maraɗi, suka koma kawo su da bizar ziyara lokacin hutun makaranta.

Kalandar hutu

Ranakun hutun mako Juma'a ne da Asabar tun 2013. Kafin nan Alhamis da Juma'a ne. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci kwana 21 a shekara, su zama 30 idan ya cika shekara biyar a wuri ɗaya. Kamfanoni suna ba da kwana huɗu a ƙaramar salla, huɗu a babba daga ranar Arfa, sai Ranar Ƙasa ta 23 ga Satumba da Ranar Kafuwa ta 22 ga Fabrairu da aka fara a 2022. A watan azumi aikin Musulmi awa shida ne a yini, gari kuwa sai bayan tarawihi yake farkawa.

Salla a nan ba ta da hawan daba ko hawan Nassarawa, kuma sabon zuwa kan ji ta salam. Ana sauko daga idi a karya, a Hijaz, wato yankin Makka da Madina da Jidda, da dibyaza, wani haɗin busassun 'ya'yan itace da dangin gyaɗa, a raba wa yara idiyya wadda ita ce goron sallarsu, sai unguwa ta yi tsit har la'asar. Iyalan Hausawa kan haɗa kuɗi su kama istiraha a bayan gari, gida ne mai katanga da fili, da ɓangaren maza da na mata, wani lokaci da wurin ninkaya. Kowace uwargida ta zo da kularta: tuwon shinkafa da miyar kuka, waina, funkaso, kusa da faranti na kabsa ko mandi. Ragon layya a mayankar hukuma ake yanka shi, ko a sayi takardar Adahi, shirin da ke yanka wa mutum layyarsa, ba a yanka a ƙofar gida.

Babban hutu na bazara ne, daga ƙarshen Yuni zuwa wajen ƙarshen Agusta, lokacin da zafi a Makka da Madina da Riyad kan haura digiri 45. Ya yi daidai da damina a gida, saboda haka a lokacin ne aka fi tafiya.

Tafiya gida

Mai igama ba ya fita sai da bizar fita da dawowa, kuruj wa auda. Ta shiga ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, kowane ƙarin wata 100. Ta shiga da yawa 500 ce na wata uku, ƙarin wata 200. Maigida ne ke fitar wa iyalinsa a Absher. Tun Maris 2021 ma'aikacin kamfani yana iya neman tasa da kansa, amma sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba.

Kusan duk matsalar da ake samu ta kwanan wata ce. Biza ba ta zarce wa'adin igama, don haka wanda tasa ta kusa ƙarewa ya sabunta kafin ya yanki tikiti. Idan akwai tarar hanya da ba a biya ba, ko bashin kuɗin zaman iyali, ko fasfon yaro ya kusa mutuwa, manhajar za ta ƙi, kuma galibi sai daren tafiya ake ganewa. Wasu takardun da kwanan Hijira suke, shekararta kuwa ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Wanda ya riƙe ranar bara a ka zai tarar igama ta riga shi. In biki ko rasuwa ta riƙe iyali a gida, ana iya tsawaita bizar daga waje, amma kuɗin ninki ne.

Jirgi kai-tsaye daga Jidda zuwa Kano awa huɗu da wani abu ne. Mai neman sauƙi ya bi ta Alƙahira ko Addis Ababa. Tsaraba tana cin kasafin da ya kusa kai na tikiti: dabino, jallabiya da abaya, turare, carbi da darduma. A dawowa akwatunan nan ne ke cika da kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji da garin kunu. Goro dai haramtacce ne shigo da shi, magani mai ƙarfi sai da takardar likita, kuma ba a karɓar saƙon wanda ba a sani ba a filin jirgi ko da dattijuwa ce ta roƙa, domin hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya ya kai kisa.

Baƙi

Gidan Bahaushe a Jidda ko Makka ko Madina masauki ne, ko ya so ko bai so ba. Duk ɗan unguwar da ya zo Umara yana da lambar wayarsa, kuma baƙonka annabinka. Akan ware falon maza, majalisi, a jingine katifu uku ko huɗu a bayan ƙofa. A goman ƙarshe na azumi yaran gida kan koma ɗakin uwarsu gaba ɗaya.

Baƙon Umara kamfaninsa ne ke da alhakinsa. Wanda mai gida ya gayyato da bizar ziyarar iyali kuwa a wuyansa yake. Ana ba da ita ga makusanta: iyaye, mata ko miji, 'ya'ya da surukai. Mai igama zai cike buƙata a shafin biza na Ma'aikatar Harkokin Waje, ma'aikatarsa ta tabbatar ta hannun majalisar 'yan kasuwa, in an amince ya tura lambar takardar gida. Can baƙon zai je cibiyar Tasheer a ɗauki hoton yatsunsa, ya kai fasfo da shaidar dangantaka, a biya inshorar lafiya, ya riƙe katin rigakafin shawara. A wajen shaidar dangantaka Hausawa suka fi tuntuɓe. Ɗa yana amsa sunan garinsu a fasfo, uwa tana amsa sunan mahaifinta, babu kalma ɗaya da ta haɗa su. Ko a rubuta Muhammad a wata takarda, Mamman a wata. Takardar haihuwa mai ɗauke da sunan uwa yadda yake a fasfonta ita ke raba gardama, kuma gyara ta kafin a nema ya fi sauƙi a kan bayan an ƙi.

A jikin bizar akwai wa'adi biyu da ake rikitawa: lokacin da za a iya shiga da ita, da adadin kwanakin da aka yarda a zauna, wanda ke fara ƙirguwa daga ranar sauka. Na biyun ne abin lura. Mai gidan da ya bar baƙonsa ya zarce yana fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, ɗaurin da ya kai wata shida, da tarhil, wato kora. Nan ne kunya ke jawo asara. Tsohuwa ta zo a Sha'aban, ta ga Ka'aba, ta ce ita kam a bar ta ta ga Arfa, ɗa kuma ya kasa buɗe baki ya ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, takardarki ba ta kai ba.” Bizar ziyara ba ta aikin Hajji. A 2025 an hana masu ita shiga Makka ko zama cikinta daga 1 ga Zulƙida zuwa 14 ga Zulhajji, da tarar da ta kai riyal 20,000 a kan mai laifin, da wadda ta kai 100,000 a kan wanda ya nema masa bizar ko ya ɗauke shi a mota ko ya ba shi masauki. Shi kansa mai igama sai da tasrihi, wato takardar izini, yake Hajji, sau ɗaya a shekara biyar.

Harami ma yana son bayani tun baƙo bai taso ba. Mazaunin Jidda daga gidansa yake ɗaura niyya saboda yana cikin miƙati, amma wanda ya taso daga Kano da nufin Umara a jirgi zai ɗaura kafin a gifta miƙati. Wanda ya ce sai ya huta a gidan ɗansa tukuna, a wurin mafi yawan malamai ko ya koma miƙati ko yanka ya hau kansa. Daga Madina a Abyar Ali ake ɗaurawa, wanda ke cikin Makka kuma ya fita Tan'im, Masallacin A'isha.

Daren komawar baƙo sikeli ake ajiyewa a tsakar falo. A ɗora akwati, a sauke, a zare kwalin dabino a tura cikin jakar hannu, a sake ɗorawa. Zamzam ba ya shiga akwati. Jarkar lita biyar da aka liƙe a masana'anta ce kawai ake karɓa, ita ma bisa ƙa'idar kamfanin jirgi da irin bizar.

Wuraren da ake kai baƙi da yara

Bahaushe ya raba ziyara da yawon buɗe ido, kuma dattawa ta farkon suke so. A Madina ana zuwa Ƙuba, an fi so ranar Asabar, sai Uhudu inda kabarin Sayyidina Hamza yake kusa da tudun maharba, da Masallacin Alƙibla Biyu da Baƙi'a, a ƙare a kasuwar dabino wajen ajwa. Shiga Rauda sai an kama lokaci a manhajar Nusuk, maza da nasu mata da nasu, kuma gara a kama tun kafin a bar gida. Badar tana da nisan kusan kilomita 150 daga Madina. A Makka akwai Mina da Muzdalifa da Arfa, waɗanda a wajen lokacin Hajji fili ne fetal, da Dutsen Nur mai kogon Hira. Hawansa awa ɗaya zuwa biyu ne a kan matakala. Bayan asuba ake yi, kuma mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya tsaya daga ƙasa. Mai kewar gida a kai shi Shara Mansur, inda ake ciniki da Hausa, ana sayar da tsiren da mutanen Hijaz suka ara har da sunansa, suna cewa siriye.

Jirgin ƙasa na Haramain, da aka buɗe a 2018, ya haɗa Makka da Jidda da Madina a kan kilomita 450, tafiyar ƙasa da awa biyu da rabi. Ya dace da tsofaffi, sai dai akwati ɗaya mai kilo 25 da jakar hannu ake yarda, kuma kujerun azumi da wuri suke ƙarewa. Iyali mai mutum bakwai mota ta fi musu araha, in direba ya kiyaye kyamarorin Sahir masu kama masu gudu, waɗanda tararsu kan iso waya tun ba a kai gida ba.

A Jidda da yamma ake fita: bakin teku, inda ake kallon maɓuɓɓugar Sarki Fahad tana harba ruwa sama da mita 250, da tsohon gari Al-Balad mai gidajen murjani da tagogin katako, wanda UNESCO ta sanya a jerinta a 2014. Yara dai ba su yarda an fita ba sai an tsaya layin kazar Albaik.

Masu dogon hutu suna zuwa Abha, fiye da kilomita 600 kudu da Jidda, inda Dutsen Sauda ya kai kusan mita 3,000 kuma ake neman rigar sanyi a watan Yuli. Al'ula, mai kaburburan Nabatawa da aka sassaƙa a duwatsun Hijir, tana sama da kilomita 300 arewa da Madina, da hunturu ake zuwa, kuma da tikiti ake shiga. Wasu dattawan ba sa son zuwa saboda hadisin da ya yi gargaɗi kan shiga gidajen Samudawa, don haka a tambaye su kafin a kama ɗaki.

Ɗa'if ce mafakar kowa, don tana kusa da Makka kuma tana kan tudu mai kusan mita 1,800. Hanyar Hada ta fi gajarta da kyan gani, amma kwana-kwana ce, akan rufe ta in an yi hazo ko ruwa, sai a zaga ta hanyar Sail. A saukowa a sa mota a ƙaramin giya. Wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ƙaurinsa tun bai kai rabi ba. Furen wardi da ake tatsar turare a Maris da Afrilu yake buɗewa, rumman da inabi kuma sai ƙarshen bazara. A bakin hanyar akwai gwaggon biri garke-garke, sun saba da mutane har suna zura hannu ta taga su fizge leda, don haka a ɗaga gilashi in yaro na riƙe da abinci. Wanda zai sauko da niyyar Umara ya tsaya ya ɗaura harami a Wadi Muhrim in ta Hada ya biyo, ko a Sailul Kabir in ta ɗaya hanyar ce.