Motar sintiri: ta kwana a caji ofis ko a ƙofar gidan ɗan sanda?

Duk wanda ya taɓa shiga harabar caji ofis a jihar nan tamu ta Zamfara ya ga abin da zan faɗa. Can gefe, ƙarƙashin inuwar dogonyaro, za ka tarar da Hilux ɗaya ko biyu an ɗora su a kan duwatsu, babu taya, babu batir, ƙura ta rufe gilashi. A jikin ƙofa kuwa har yanzu ana iya karanta sunan gwamnatin da ta ba da su gudummawa. Idan ka duba fentin da kyau za ka ga ba tsufa ne ya kashe su ba.

Bara aka sace babur ɗin wani dattijo maƙwabcinmu, na raka shi kai ƙara wani ofishin 'yan sanda. Kofur ɗin da ke kanta ya saurare mu da ladabi, ya rubuta bayani, sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Motar da ke tashi guda ce, kuma ta fita tun safe. Ɗayar tana nan amma ba mai a cikinta." Dattijon ya ce, "To yallaɓai, yanzu ya za a yi ke nan?" Kofur ya sunkuyar da kai. Ni dai ban ga rashin tausayi a fuskarsa ba. Mutum na gani wanda aka ba aiki ba a ba shi kayan aikin ba.

Da muke mayar da zancen a majalisa da daddare, wani abokinmu ya ce ai a Amurka kowane ɗan sanda da motarsa, da ita yake tafiya gida, shi ya sa tasu ke daɗewa. Akwai gaskiya a maganarsa, sai dai tana buƙatar warwara.

Hanya biyu ake bi wajen raba motocin sintiri. Ta farko ita ce wadda muka sani: motar ofis ce ta haɗaka, masu aikin safe su miƙa wa na rana makulli, na rana su miƙa wa na dare, injin ba ya hucewa. Ta biyu kuwa, a rubuta mota da sunan jami'i ɗaya, shi kaɗai ke tuƙa ta, in ya tashi aiki ya tafi da ita gida. Birnin Indianapolis na jihar Indiana ne ya yi suna da wannan tsari tun 1969, daga baya wasu birane da gundumomi suka ɗauka. Ba dokar ƙasa ba ce a can, domin a Amurka kowane birni da kowace gunduma na iya samun rundunarta, kowacce kuma da ƙa'idarta. Akwai masu yi, akwai waɗanda suka ƙi, akwai waɗanda suka taƙaita shi ga wasu jami'ai kawai.

Kuma motar ba kyauta ba ce, da sharuɗɗa take zuwa. Yawanci sai gidan jami'in yana cikin yankin aikinsa ko bai wuce wani nisa da aka yanka ba. Duk lokacin da ya shiga motar, ko ba ya bakin aiki, rediyon oba-oba a kunne take, in ya ci karo da haɗari ko sata dole ya tsaya. Ba a tuƙa ta bayan an sha abin maye, ba a ba mata ko ɗa ko aboki sitiyari. Wasu rundunonin ma suna cire wani abu daga albashi saboda man zuwa gida da dawowa.

Babban amfanin da ake faɗa shi ne kulawa, kuma wannan kowane mai mota ya san gaskiya ne. Je tasha ka tambayi direbobi bambancin motar da mutum ɗaya ke ja da wadda ake karɓa-karɓa. Mai mota ɗaya ya san ƙarar injinta, ya san ranar da aka yi mata juyen baƙin mai, yana jin birki ya fara sanyi zai nufi bakanike. Motar haɗaka kuwa, wanda ya faɗa rami da ita cikin dare ba zai faɗa ba, na safe ya ce haka ya same ta, na rana ya ce ba a hannunsa aka yi ba. A haka ƙaramin gyaran shokozoba ke zama babban aiki, a ajiye ta "kafin kuɗi su fito", sai a cire batirinta a sa wa wata, gobe a cire taya. Ga yadda ake hawa kan duwatsu.

Sauran amfanin a bayyane suke. In aka yi kiran gaggawa, jami'i zai wuce wurin kai tsaye daga gida ba sai ya biya ofis ba. Lokacin canjin aiki titi ba ya zama wayam. Kuma ɗan sanda na ganin an mutunta shi, abin da ke taimakawa wajen riƙe ma'aikata.

Akwai wani amfani da ake yawan kururutawa wanda ya kamata a yi taka-tsantsan da shi, wato cewa ganin motar 'yan sanda a ƙofar gida yana korar ɓarayi daga unguwa. Maƙwabta kam za su ji daɗi. Amma a wani gwaji da aka yi a birnin Kansas tsakanin 1972 da 1973, an ƙara yawan sintirin mota a wasu unguwanni, an janye shi a wasu, an bar wasu yadda suke, kuma ba a ga wani bambanci na a zo a gani a yawan laifuka ba. Ganin mota kawai bai isa ba, sai da abin da mutanen cikinta ke yi.

Mu zo kan kuɗi, don nan gizo ke saƙar. Mu ƙaddara ofis yana da masu sintiri 12, ana aiki kashi uku na awa takwas-takwas, mutum huɗu a kowane kashi. A tsarin haɗaka, in kowa shi kaɗai ne a mota, mota huɗu sun isa, a ƙara ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana. A tsarin tafiya gida sai an sayi 12, kowacce da jiniyarta da rediyonta da inshorarta. Masu goyon bayan tsarin za su ce ai motar za ta fi daɗewa. Haka ne, amma a lura: motar da ke aikin awa takwas a rana dole ta fi mai aikin awa 24 yawan shekaru, wannan ba riba ba ce, raba aikin aka yi. Ribar gaskiya ita ce abin da kulawa ta ƙara a kan haka, sannan a cire man da ake ƙonawa tsakanin gida da ofis kullum. Wanda bai raba waɗannan biyun ba, lissafinsa zai yaudare shi.

Man nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a yau. Tankin Hilux na cin kusan lita 80. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 ba, ke nan da ƙasa da naira 16,000 za ka cika tanki. A ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa, cika tanki ɗaya ya koma naira 80,000 ko fiye. Ka tuna kuma daga Gusau zuwa Ɗansadau kusan kilomita 100 ne.

To me dokarmu ta ce? Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga Najeriya baki ɗaya. Sashe na 215 ya ɗora rundunar a ƙarƙashin Sufeto Janar, waɗanda ke aiki a jiha kuma a ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda. Gwamna na iya ba Kwamishina umarnin da bai saɓa doka ba kan tsaron jama'a, amma Kwamishina na da damar ya nemi a miƙa maganar ga Shugaban Ƙasa kafin ya aiwatar. Ma'anar wannan ga batunmu ita ce, gwamna na iya sayen motoci ya miƙa makullai a gaban 'yan jarida, amma daga ranar, wa zai tuƙa, ina za ta kwana, wane ofis za a kai ta, duk hukuncin shugabannin rundunar ne. Majalisar dokokin jiha ba za ta zauna a Gusau ta yi wa 'yan sandan tarayya dokar tafiya da mota gida ba. Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a farkon 2024 su ne na jiha, motocinsu da baburansu kuwa gwamnatin jiha na da ikon tsara musu ƙa'ida yadda ta ga dama.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1943, ba ta ba kowane ɗan sanda haƙƙin tafiya da motar sintiri gida ba. Motar dukiyar gwamnati ce da aka tanada don aiki. Alƙiblar gwamnatin tarayya ma tun 2003, zamanin Obasanjo, ta karkata ne ga rage motocin da ma'aikata ke riƙewa: aka mayar da alawus ɗin mota da gida kuɗi a cikin albashi, aka bar motocin haɗaka don aikin ofis, saboda ɗawainiyar gyara da mai ta yi wa baitulmali nauyi. A 2019 kuma aka yi dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, wadda a lokacin ta tanadi kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin da ke shiga asusun tarayya da kashi 0.005 cikin 100 na ribar kamfanoni, don horo da sayen kayan aiki. An tanadi hanyoyin sayen mota ke nan. Abin da ke ƙaranci kullum shi ne kuɗin ciyar da ita bayan an saya.

Ko da an ce kuɗin ya samu, akwai abin da ya bambanta mu da Amurka. A can sau da yawa ɗan sanda ɗaya ne a mota, bindigarsa a ƙugunsa, shi kaɗai runduna ne. A nan Hilux ɗaya mutum biyar ko shida take ɗauka, da direbanta na musamman, bindigogi kuma a ma'ajiyar makamai ake sa hannu a karɓa, a mayar bayan aiki. In direba ya kwana da mota a Tudun Wada, abokan aikinsa suna Samaru da Damba, makamai kuma suna ofis, ina saurin da ake nema? Dole dai a koma ofis a haɗu.

Sai babbar damuwata, wato rai. Mu nan mun san infoma, mun san yadda 'yan bindiga ke farautar motar jami'an tsaro, su ƙona ta ko su gudu da ita. Ajiye mota mai jiniya a ƙofar gidan haya a Tsafe ko Zurmi ko Shinkafi daidai yake da nuna wa maƙiyi inda ɗan sanda ke kwana da matarsa da 'ya'yansa, shi kuma ba makami a hannu. Maƙwabtan da aka ce za su samu kwanciyar hankali, su ne za su fara kwana da ido ɗaya. Ba na jin akwai wanda ya san jihar nan da zai so a yi wa ƙaninsa haka.

Saboda haka a ganina ba kwanan mota a gida ne abin ɗauka ba. Abin ɗauka shi ne sunan da aka rubuta a kanta. Ana iya barin mota ta kwana a ofis ko a bariki, amma a ce wannan Hilux ɗin amanar Sajan wane ce da direbobi biyu sanannu, ba kowa ke ɗaukar makulli ba. A ajiye littafi a cikinta: awa nawa ta fita, kilomita nawa ta ci, lita nawa aka zuba, wa ya karɓa kuma a wane hali ya same ta. Kwamitocin haɗin gwiwar 'yan sanda da al'umma da dokar 2020 ta tanada suna iya neman ganin wannan littafi lokaci-lokaci. Duk gwamnati ko attajirin da zai ba da gudummawar mota kuma, gara ya ba da bakwai tare da kuɗin mai da gyara na shekara biyu da ya ba da goma tsurarsu. Idan akwai waɗanda ya dace su kwana kusa da mota, to masu jiran kiran dare ne da ke zaune a cikin bariki, inda akwai katanga da masu gadi.

Ga mai ƙara kuma, ka sani babu dokar da ta ɗora maka sayen mai kafin a bi maka haƙƙinka, kamar yadda beli ma kyauta ne. In aka matsa maka, ko ka ga motar sintiri tana dakon buhuna ko kai amarya, rubuta lambar da ke jikinta da rana da lokaci da wurin. Fara kai maganar ga baturen 'yan sandan yankin. In ba a saurare ka ba, akwai ofishin kakakin rundunar a hedikwatar jiha da ke Gusau, akwai sashen karɓar ƙorafin jama'a da rundunar ta buɗe a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, sannan akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, wadda kundin tsarin mulki ya ba ikon ladabtar da kowane jami'i in ban da Sufeto Janar.